Sawun da Ya Rusuna

Da safiyar da aka tarar an ɓalle kabad ɗin Baba Lauya, 'Yar Sawu ce mutum na biyu da ya iso Ɗakin Kyauta. Na farkon shi ne Mai Makulli, wanda yake yi musu shara. Ta same shi a tsakar ɗaki da tsintsiya a hannu, baki sake, yana kallon ƙusar da baƙar rigar lauya take rataye a jiki tun kafin a haifi yawancin ɗaliban. Ƙusa tana nan. Kwaɗo yana reto a jikin ƙarfen da aka banƙare. Riga kuwa ta yi ƙafa.

"Lauya," ya ce, "wallahi haka na tarar."

"Na gaya maka ban zama lauya ba tukuna. Tsaya inda kake, kada ka share komai."

Ba shi take kallo ba, ƙasa take kallo. Masu fenti suna gyaran ginin saboda bikin yaye ɗalibai, wani kuma ya kifar da buhun farar ƙasa a baranda, garin ya bazu har bakin ƙofa. Ta tsuguna ta daɗe. Sannan ta jawo babban bahon masu fenti ta kife shi daf da dokin ƙofa, ta ɗora dutse a kai. Kafin ta miƙe hayaniya ta iso, ɗalibai suka tattake sauran barandar kamar garken awaki.

*

Wanda bai zauna a Ɗakin Kyauta ba da wuya ya gane abin da ya sa har yau tsofaffin ɗalibansa, in suka haɗu, ba su da hira sai tasa. Ɗan ɗaki ne a bayan tsangayar shari'a, da fanka mai kuka fiye da ba da iska. In ka shigo, teburin Baba Lauya yana hagu, gindin taga. A dama dogon benci ne, inda masu neman taimako suke zama: matar da mai gidan haya ya watso wa kaya waje, leburan da inji ya cinye wa yatsu, uwar da aka kama ɗanta ba ta san inda aka kai shi ba. Ɗaliban shekarar ƙarshe ne suke sauraronsu, su je musu gidan yari da ofishin 'yan sanda, su shirya hujjoji, ba tare da an karɓi komai ba. Amma ɗalibi ba ya tsayawa gaban alƙali. Wannan aikin Baba ne shi kaɗai, shi da rigarsa da ta koɗe a kafaɗa.

Baba mutum ne mai dokoki. Ba a taɓa rigar. Ba a fita daga ɗakin a juya baya haka nan, sai an tsaya a ƙofa an juyo, a haɗa ƙafa a rusuna, kamar yadda ake yi a kotu. Ɗalibai teburinsa suke rusuna wa. Shi kuwa in zai fita bencin yake rusuna wa, ko da babu kowa a kai. Aku, wanda ya fi kowa baki a ajin, ya taɓa tambayarsa dalili, ya ce, "Alƙali yana da masu rusuna masa da yawa, ɗana. Waɗannan fa?" Aka yi dariya aka wuce. Ba a kuma cewa mai ƙara ya dawo gobe sai an ba shi ruwa ya sha, kuma duk wanda aka kama yana kiran mutum da lambar fayil ɗinsa, ranar shi zai wanke kofuna.

A shekarar ce tsufa ya fara taɓa shi. Sai ya kira ka da sunan wani da ya gama tun da daɗewa, ko ya tsaya a tsakiyar magana yana lalube. Su kuwa sai su cika masa da sauri, a kotu ma wanda ke zaune a bayansa ya raɗa masa sunan wanda suke karewa. Kowa ya gani, kowa ya kau da kai, don suna son tsohon nan kamar me. Daga baya zazzaɓi ya kwantar da shi, 'yarsa, wadda suke kira Yaya Nas saboda aikinta, ta hana kowa ganinsa. Aka danƙa wa Kyaftin, shugaban aji, mabuɗin kabad.

Ita kuwa 'Yar Sawu, kakanta ne ya jawo mata sunan. Mai bin sawun dabbobin da suka ɓata ne, a hannunsa ta tashi, har ta girma kanta a ƙasa take tafiya. Abokan karatu suka ce wannan ko mijin aure a ƙasa za ta tsince shi.

*

Farfesa, shugaban tsangaya, ya shigo da hantsi, ya dubi kabad, ya dubi ƙofar da ba a fasa ba.

"Su wa ke da mabuɗin ƙofar nan?"

"Ni da shi, ranka ya daɗe," in ji Kyaftin, yana nuna Mai Makulli da baki. "Sai na Baba, shi kuma yana kwance."

"To. An ba kura jiran nama, yanzu ana mamaki."

Kowa ya san abin da yake nufi. Mai Makulli sana'arsa yankan mabuɗi a bakin kasuwa. An fasa wani shago, aka ce shi ya yanka wa ɓarayin mabuɗi, aka jefa shi gidan yari aka manta da shi, ko gaban alƙali ba a kai shi ba. 'Yar Sawu da Aku ne suka tono shi, Baba ya karɓo masa beli. Don godiya ya roƙa a bar shi ya riƙa yi musu shara. Shari'arsa tana tafe a mako mai zuwa, kuma wanda ke kan beli, in aka sake kai shi da zargin sata, ba a tsayawa dogon bayani, gidan yari zai koma.

"Ba zan karɓi baƙi da ɓarawo a ginina ba," in ji Farfesa. "Gobe da la'asar, ko riga ta fito ko in kira 'yan sanda. Kafin nan ya zauna a wurin masu gadi."

Ɗalibai suka fara ƙus-ƙus. Waɗanda jiya suke raha da Mai Makulli yau sai laluben aljihunsu suke yi.

*

'Yar Sawu ta same shi a ofishin masu gadi, zaune a ƙasa ko da yake ga kujera nan. Gidan yari ya koya masa haka.

"Ina kake jiya da yamma?"

"Gida. Amma shaidar matata wa zai karɓa?" Ya ɗaga kai. "Lauya, kin ga yadda aka banƙare ƙarfen nan? Da ni ne, ko ƙwarzane ba za ki gani ba. Da hannu ɗaya zan buɗe kwaɗon in mayar."

"Don girman Allah kada ka faɗi wannan a gaban Farfesa."

Ya yi 'yar dariya, dariyar ta mutu a hanya. "Ranar da na dawo gida, 'yata bayan uwarta ta ɓuya, ta ɗauka baƙo ne. Jiya-jiyan nan ta yarda ta hau wuyana. Jiya ta fara ce mini Abba." Ya share fuska da tafin hannu. "Baba ya ce shi zai tsaya mini. Ya kama hannuna ya ce ko da rarrafe zai zo. In ya ji an ce ni na saci rigarsa, da wane ido zan kalle shi?"

Tausayi ya kama ta, ta fita da sauri don kada ya ga idonta.

*

Da ɗalibai suka tafi aji ta ɗaga bahon. Kakanta yakan ce baki yana ƙarya, ido yana ƙarya, amma ƙafa ba ta koyi wannan ba tukuna. Sawun silifas ɗin Mai Makulli ta riga ta gan shi da safe, shiga ɗaya ya yi, ta gefe. Wanda ta rufe daban ne. Takalmin maza ne mai shafaffen ƙasa, irin baƙin nan da duk mai zuwa kotu yake sawa. Ƙafa biyu a haɗe, suna fuskantar cikin ɗaki, yatsu sun nutse a cikin garin, dunduniya kuwa da ƙyar ta taɓa.

Mutumin ya fito da kayan sata a hannu, ya tsaya, ya juyo, ya rusuna, sannan ya kulle ƙofa. Ɓarawon kasuwa ba ya haka. Wannan ɗan gida ne, wanda rusunawa ta zame masa jiki har bai san ya yi ba.

Ta bi ɗigon fari ta bayan ginin, cikin ciyawa, kan duwatsu. Takun gajere ne, ta ce a ranta na mai sanɗa ne. A gindin babban tankin ruwa garin ya ƙare daga takalmin, sawu ya mutu. A nan hanya ta rabu biyu, ɗaya ta nufi masaukin ɗalibai maza, ɗaya ta nufi gidajen malamai. Ko waiwaye ba ta yi ba ta kama ta masauki. Da kakanta yana raye da ya ja mata kunne, don zuciyarta ce ta zaɓi hanyar, ƙasa ba ta ce komai ba.

*

Kyaftin ta fara tarewa. Ya zaro mabuɗin kabad ya kaɗa mata shi a fuska. "Mai mabuɗi zai banƙare ƙarfe? Kuma jiya tun azahar ina ɗakin taro muna gwajin jerin gwano, tambayi kowa. In bincike kike so, je wurin mai hoto. An ce ya samo sabuwar baƙar riga."

Mai hoton bakin ƙofar jami'a ya yi murna da ganinta, ya ɗauka ciniki ne. Ya fito da rigar, wata aba mai ƙyalli kamar ledar shara, da tambarin tela a wuya. "Sa ki gani, ranki ya daɗe, ko alƙali sai ya tashi miki!" Ta ce in ta sa wannan, alƙali zai tashi, amma don ya kira masu gadi. Ta baro shi yana yabon kayansa.

Saura Aku. Shi ne aminin aikinta, tare suka yi ta zarya gidan yari cikin rana. Kuma shi ne ya sha cewa kafin ya bar jami'ar nan sai ya ji nauyin rigar Baba a kafaɗarsa ko sau ɗaya. Ta same shi a bayan masauki yana wanki. A cikin bokitin akwai baƙin wando, ƙafarsa fari fat.

"Ina ka samo farar ƙasa?"

Aku, wanda ba a taɓa jin ya rasa amsa ba, ya ci gaba da cuɗa wandon.

"Jiya da yamma kana ina?"

"Ke yanzu ni kike yi wa tambayar kotu?"

"Mutum zai koma gidan yari gobe, Aku. In kai ne, ka faɗa mini tun muna mu biyu."

Ya yar da sabulu. "Au, ɓarawo kika ɗauke ni? Bayan duk abin da muka yi tare?" Ya juya baya, sannan ya yi magana ƙasa-ƙasa. "Ni na kifar da buhun. Bayan kowa ya watse na tsaya a baranda ina gwada jawabin da zan rubuta wa Baba don shari'ar Mai Makulli. Ina cikin wurga hannu na ja da baya na faɗa kan buhun, ƙafafu a sama. Na tashi na gudu kafin masu fenti su dawo. Ƙofa a kulle take, ban shiga ba. In kika gaya wa 'yan aji, ni da ke har abada."

Dariya ta zo mata tare da kunya. Ta dubi takalminsa da ke shanye a rana, dunduniyarsa ta cinye ta gefe ɗaya. Sawun da ta rufe ba shi da wannan. Ta ba shi haƙuri, ya ce zai yi tunani.

*

Washegari da safe ta koma Ɗakin Kyauta hannu rabbana. Ta bar ƙofa a buɗe, ta ɗaga baho ta sake kallo har idonta ya gaji. Sai ta shiga ta zube a kan benci, abin da ba ta taɓa yi ba, don ɗalibai kujerun gaban tebur suke zama. Katakon ya yi santsi saboda yawan zama. Daga nan ɗakin ya yi mata wani iri, tebur ya yi nisa, kabad ya yi tsawo. Ta tuna ranar da ta fara shigowa, Baba ya miƙa mata kofi ya ce darasin farko ke nan, je ki ba waccan baiwar Allah ruwa.

Idonta ya sauka a kan sawun. Yatsun takalmin ita suke nunawa.

Ta miƙe tsaye. Ta je ƙofa, ta juyo, ta rusuna yadda ta saba, ta dubi ƙafafunta. Sun karkata hagu, wajen tebur. Na cikin garin sun karkata dama. Gajeren takun nan ashe ba na mai sanɗa ba ne. Ta jingina da bango, ta ji kamar ta ɗebo ruwa ta wanke barandar gaba ɗaya.

*

Wannan karon hanyar gidajen malamai ta bi. Yaya Nas ta buɗe ƙofar gidan Baba kaɗan, ta tsaya a ciki. "Ai na ce likita ya hana."

"Ba ganinsa na zo yi ba, Yaya." 'Yar Sawu ta nuna baƙin takalmin da aka wanke aka jingina a bango. Farar ƙasa ta maƙale a cikin ɗinkin. "Wannan na zo gani."

Matar ta fito ta ja ƙofar a bayanta. Ta girmi 'Yar Sawu nesa ba kusa ba, amma a lokacin kamar yarinya ta koma.

"Wanka na shiga," ta ce. "Na fito ba ya nan. Can gab da magariba sai ga shi da riga a hannu, tafinsa yana jini, wai gobe yana da shari'a, an kulle masa kabad. Ba zazzaɓi ba ne, ƙanwata. Zazzaɓin ya daɗe da sauka. Jiya ni ya tambaya ko na ga 'yarsa."

"Mun sani, Yaya. Mun daɗe muna rufawa."

"To ki ci gaba da rufawa. In aka ji, shi ke nan, ba zai ƙara tsayawa a kotu ba, ɗakinku ma rufe shi za a yi. Abu ɗaya ya rage masa a duniya, ya san shi lauya ne. Ki bar shi ya mutu da sunansa. Bayan biki zan lallaɓa in mayar da rigar, kowa ya huta."

"Bayan biki Mai Makulli yana gidan yari. Yau da la'asar Farfesa zai kira 'yan sanda."

Yaya Nas ba ta san da wannan ba.

"Shari'ar da Baba yake cewa yana da ita, tasa ce," in ji 'Yar Sawu. "Ya manta sunana, amma bai manta ya yi wa mutumin nan alkawari ba. Ni dai zan nuna musu abin da ƙasa ta nuna mini. Ki yafe ni."

Ta juya tana hawaye, don ta san da hannunta za ta rufe ɗakin da ta fi so a duniya.

*

Da la'asar aka taru. Farfesa ya zauna a gefen tebur da wayarsa a hannu. Kyaftin da Aku da sauran 'yan aji suka jeru jikin bango. Masu gadi biyu suka kawo Mai Makulli suka zaunar da shi a kan benci. 'Yar Sawu ta riga ta barbaɗa sabuwar farar ƙasa a gefen bahon.

"Ranka ya daɗe, alfarma ɗaya nake roƙo. Kowa ya fita, ɗaya bayan ɗaya, yadda ya saba fita."

"Wasan yara za mu yi?"

"In bai yi amfani ba, ni zan riƙe maka wayar."

Mai Makulli ya fara. Ya fita kai tsaye, bai juyo ba, aka dawo da shi. Kyaftin ya fita, ya juyo, ya rusuna. Aku ya yi haka, yana hararar ta. Sauran suka bi. Sai ta ɗaga baho.

"Wanda ya ɗauki rigar ya rusuna kafin ya tafi. Ga yatsu sun nutse. Mai Makulli ba ya rusunawa, ba wanda ya taɓa koya masa."

Ɗalibai suka fara kallon juna.

"Amma ku dubi namu. Duk hagu suka karkata, wajen tebur." Ta nuna tsohon sawun. "Wannan dama ya karkata."

Kowa ya bi yatsun takalmin da ido har kan benci. Fanka tana ta kukanta. Aku ya dafe baki. Farfesa, wanda shi ma a ɗakin nan ya yi shekararsa ta ƙarshe, ya cire tabarau a hankali.

"Tun yaushe?" ya ce.

"Tun farkon shekara, ranka ya daɗe."

"Kuka bar shi yana shiga kotu a haka? Da rayukan mutane a hannunsa?"

Gaskiya ya faɗa, kuma sun sani.

Sai aka ji taku a baranda, gajere, a hankali. Yaya Nas ce riƙe da hannun mahaifinta. Baba Lauya yana sanye da rigar, ta yi masa yawa yanzu, tafinsa naɗe da bandeji. Ya shigo yana duban fuskoki da murmushin wanda ya faɗo taron da bai san na mene ne ba. Ya wuce 'Yar Sawu bai gane ta ba. Ya wuce Farfesa. Sai idonsa ya faɗa kan mutumin da ke zaune a benci tsakanin masu kaki biyu.

Murmushin ya ɗauke. Bayansa ya miƙe. Ya kama gefen rigar da hannu biyu yadda ya saba.

"Wa yake tsaya wa wannan bawan Allah?"

Ya dubi jerin ɗalibai, ya dubi Farfesa.

"To ni ne," in ji shi, da tsohuwar muryar nan da take cika kotu. "An ba shi ruwa ya sha?"

Farfesa ne ya tashi da kansa. Ya ɗauki kofi ya ɗebo ruwa a tulu ya miƙa wa Mai Makulli, wanda kuka ya hana shi sha. Sannan ya sallami masu gadi, ya juyo wajen Baba ya ce, "An janye ƙara, Malam. Ka yi nasara."

"Madalla," in ji Baba. Ya waiwayi 'yarsa. "Baiwar Allah, ko za ki nuna mini hanyar gida?"

A bakin ƙofa ya tsaya. Ya juyo, ya haɗa ƙafa, ya rusuna wa benci. Da ya tafi, sawu biyu suka rage a cikin garin, gefe da gefe, kamar an buga su da hatimi ɗaya.

*

Baba bai ƙara shiga kotu ba. Farfesa ne ya kakkaɓe tasa tsohuwar rigar lauya ya tsaya wa Mai Makulli, da jawabin da Aku ya rubuta, aka sallame shi. Ɗakin Kyauta kuwa da ajinsu aka rufe shi, don ba a sami wanda zai zauna a teburin ba. Laifin daɗi ƙarewa. Yau karyayyun kujeru ake tarawa a ciki.

'Yar Sawu ta yi furfura a aikin lauya. Aku har yanzu yakan ce bai gama tunanin yafe mata ba. Mai Makulli ya tsufa a bakin kasuwarsa, kuma in ya ce mata Lauya ba ta ƙara gyara masa. Sababbin ma'aikatan kotu dai sukan tambayi juna abin da ke damun matar nan, don in ta tashi fita sau biyu take rusunawa. Ɗaya ta alƙali ce. Ɗayar kuma takan juya ta yi wa bencin baya, inda masu jira suke zama.